Alkawarin Java da Yadda Ya Iske Mutanen Moduganari

Duk wanda ya zauna a unguwar Moduganari ta birnin Maiduguri tsakanin shekarar 2007 da ta 2014, ko kuwa ya saba ratsa Kasuwar Jagwal inda ake cinikin wayoyi sababbi da na hannu, lalle kunnensa ya sha jin wata tambaya da samari ke yi kafin su tambayi kuɗin waya, kafin ma su duba lafiyar batirinta, watau: "Malam, tana ɗaukar Java?" In aka ce tana ɗauka, sai darajarta ta ɗaga, mai ita ya daɗa mata kuɗi, in kuwa aka ce ba ta ɗauka, to, ko da tana da layi biyu da rediyo da lasifika mai cika tsakar gida, ta zama ta dattawa da waɗanda bukatarsu ba ta wuce kira ba. Ƙalilan ne daga cikin masu tambayar suka san cewa a bayanta akwai wata mas'ala wadda ta ɗauki hankalin malaman lissafi na Ingila da Suwizalan da Amurka tun kafin a haife su, wadda kuma ta gurfanar da manyan kamfanonin duniya gaban alƙalai ba sau ɗaya ba. Tarihin wannan mas'ala an rubuta shi da yawa a ƙasashen da aka ƙaga ta, amma ba a cika faɗin yadda ta kasance a inda kayan suka zo suka sauka ba, alhali kuwa a can ne ake gane gaskiyar alkawari da ƙaryarsa.

Asalin al'amarin shi ne, kowace kwamfuta, babba ko ƙarama, ba ta fahimtar kome sai jerin umarni na lambobi waɗanda maƙerinta ya gina a cikin ƙwaƙwalwarta, kuma da yake maƙera suna da yawa, kowa da irin jerinsa, sai ya zamana manhajar da aka sha wahalar tsara ta domin na'urar wani kamfani ba ta da amfani ko na anini a kan ta wani kamfanin, sai an sake ta daga tushe. Tun a ƙarshen shekarun 1960 wani malami na jami'ar Kambirij, Martin Richards, ya yi dabarar fassara harshensa na BCPL zuwa wani rubutu na tsakani wanda ba na kowace na'ura ba ne, daga nan kuma a juya shi zuwa na kowacce. Almajiran Niklaus Wirth a birnin Zurik suka bi wannan tafarki a shekarun 1970 domin yaɗa harshen Pascal, sa'an nan Kenneth Bowles na jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ya gina cikakken tsari a kansa, wanda aka sani da UCSD p-System. Hikimar ita ce a ƙaga wata na'ura wadda babu ita a ƙarfe, sai a takarda, a bayyana ƙa'idojinta dalla-dalla, a riƙa rubuta manhaja dominta, kana a kan kowace na'ura ta haƙiƙa a ɗora wata 'yar manhaja mai kwaikwayon waccan ta takarda. Wannan ita ce na'urar kwaikwayo. Misalinta kamar sanarwa ce da hukuma ta rubuta sau ɗaya da Hausa ta aika wa unguwannin Maiduguri, a kowace unguwa kuma aka tsayar da tafinta, wannan ya juya ta da Barbarci, wancan da Larabcin Shuwa, wani da Babur, wani da Margi; marubuci ya huta da rubutu huɗu, amma isar maganarsa ta rataya ga amanar kowane tafinta da iyakar saninsa.

Da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, p-System yana cikin tsare-tsare uku da aka ba mai saye zaɓi, amma DOS, ɗaya daga cikin ukun, ya kayar da shi, domin DOS dala 40 ne, shi kuwa ya ninka haka sau da yawa, ga shi kuma da nauyin jiki, tun da tafinta ba ya taɓa kai mai magana da bakinsa sauri. Sai maganar ta kwanta har wajen shekara goma.

Wanda ya tashe ta shi ne James Gosling, mutumin Kanada, ma'aikacin kamfanin Sun Microsystems a Kalifoniya, wanda a 1991 shi da abokan aikinsa suka shiga neman harshen da zai yi aiki a cikin kayan lantarki na gida, irin su akwatin talabijin, waɗanda maƙeransu kan sauya musu ƙwaƙwalwa duk lokacin da suka sami mai araha. Suka raɗa wa harshen suna Oak, kasuwar da suka nufa ba ta karɓe shi ba, har intanet ta buɗe, suka ga ashe ga inda bukatar take, suka sake masa suna Java suka bayyana shi a watan Mayu na 1995, da take mai daɗin ji: a rubuta sau ɗaya, ya yi aiki ko'ina. Domin kada tafintoci su saɓa, Sun ta kafa sharaɗi cewa ba wanda zai kira na'urar kwaikwayonsa Java sai ta ci wata doguwar jarrabawa ta dacewa, wadda ita Sun ce ke riƙe da ita, ita ce kuma ke ba da ijaza. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin dukan husumar da ta biyo baya a kan wannan ijaza ta taso.

Husuma ta fari da Microsoft aka yi ta. Wannan kamfani ya karɓi lasisin Java a 1996, ya gina na'urar kwaikwayo mai sauri ƙwarai a cikin Windows, amma ya bar wasu sassa biyu da ƙa'ida ta wajabta, ya kuma ƙara wasu abubuwa nasa waɗanda ba sa aiki sai a Windows, ta yadda mai tsara manhaja zai yi zaton Java yake rubutawa, alhali ya ɗaure kansa ga gida ɗaya bai sani ba. Sun ta kai ƙara a watan Oktoba na 1997, aka yi ta ja-in-ja har watan Janairu na 2001, inda aka yi sulhu Microsoft ta biya dala miliyan 20, ta kuma juya ta gina nata harshen, C#, da tata na'urar kwaikwayon a ƙarƙashin sunan .NET. A wannan shekara ta 2001 ɗin ce, cikin watan Agusta, kamfanonin Econet da MTN suka buɗe layukan salula a Nijeriya.

To, a nan ne labarin ya doso mu. Ganin cewa wayoyin hannu sun fara yawa, Sun ta yanko wa Java wani ƙaramin reshe a 1999, wanda aka sani da J2ME, domin na'urorin da ma'ajiyarsu ba ta wuce kilobayit 160 zuwa 512 ba, watau abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayoyin yau ba. Saboda ƙanƙantar wurin, sai aka rage wajibai aka yawaita mustahabbai: abin da aka tilasta wa kowane maƙeri ɗan kaɗan ne, sauran kuwa, irin su damar buɗe fayilolin waya, da amfani da Bluetooth, da sarrafa sauti da kyamara, aka sa kowanne a takardarsa dabam, wanda ya ga dama ya ɗauka, wanda bai ga dama ba ya bari, kuma dukansu suna da ikon buga tambarin Java a kwalinsu. Ƙa'idar farko ta shekarar 2000 ko lissafi mai ɗigo, na rabi da sulusi da rubu'i, ba ta sani ba, sai a gyaran 2003 aka shigar da shi. Fuskokin wayoyi kuma kowacce da faɗinta: akwai 128 da 128, akwai 128 da 160, akwai 176 da 220, akwai 240 da 320. Nokia na farko masu tsarin Series 40 ba sa karɓar fayil da ya haura kilobayit 64. Abin da ya fi ba ni mamaki a cikin wannan babi shi ne maɓallan nan biyu na ƙarƙashin fuska, na hagu da na dama, waɗanda kusan babu wayar da ba ta da su, amma ƙa'ida ba ta yanke musu lamba ba; sai Nokia da Sony Ericsson suka ba su -6 da -7, Motorola ta ba su -21 da -22, Siemens ta ba su -1 da -4, ya zamana wasan da aka tsara domin Nokia yana iya buɗewa lafiya lau a kan Motorola, amma mai waya ya danna har yatsansa ya gaji bai sami hanyar shiga ko ta fita ba. Kamfanonin wasanni irin su Gameloft suka koma fitar da wasa ɗaya a cikin kwafi masu ɗimbin yawa, kowane kwafi da wayoyin da aka yi shi dominsu, har masu sana'ar suka juya taken Sun suka ce: a rubuta sau ɗaya, a yi ta gyara ko'ina.

A Turai da Amurka, kamfanin layi ne ke ɗaukar wannan nauyi, domin shi ke sayar da wayar, ya san irinta, ya aiko wa mai ita kwafin da ya dace. A Maiduguri kuwa waya takan zo ta Legas ko ta Kano, ko ta shigo a hannun fatake daga Dubai, ta bi hannu uku kafin ta tsaya, babu kwali babu takarda, kuma ba wani kamfani da ya san da zamanta. Saboda haka nauyin ya faɗo kan masu turi, watau samarin nan da ke zaune a rumfuna da ƙananan shaguna a bakin titi, da kwamfuta ɗaya da janareta da allon caji mai ramuka da yawa, waɗanda ake ba su 'yan kuɗi su tura wa mutum karatu ko waƙa ko fim ko gem a memori. Ilmin da waɗannan samari suka tara ilmi ne na gaske, ko da yake ba a makaranta suka same shi ba, kuma ba wanda ya ba su shahada a kansa. Mai turi na ƙwarai yakan kasa fayilolinsa bisa faɗin fuska da sunan maƙeri. Da ya karɓi waya ya juya ta, ya san Nokia 2700 da 5130 abincinsu ɗaya, ya san wadda in an ba ta fayil mai nauyi za ta ce ma'ajiya ta cika ta mutu a tsakiyar wasa, ya san wadda za ta ƙi fayil ta ce ba shi da inganci alhali lafiyarsa ƙalau a wayar maƙwabci, ya kuma san dalilin da ya sa wata manhajar ke tambayar izini duk lokacin da za ta taɓa intanet, watau rashin sa hannun kamfanin da wayar ta yarda da shi. Ni a ganina, aikin da injiniyoyin Sun suka yi alkawarin na'ura za ta yi, waɗannan yara ne suka ƙarasa shi da hannu da haddar kai, kuma duk tarihin Java da bai ambace su ba, su da takwarorinsu na Farm Centre a Kano da na sauran biranen Afirka da Asiya, tauyayye ne.

Abubuwa biyu ne suka sa Java ta zama larura ga matasa. Na farko Opera Mini, wadda wani kamfani na ƙasar Norwe ya fitar a 2005 ya kuma buɗe wa duniya a farkon 2006. Dabararta ita ce wayar ba ta ɗauko shafin intanet da kanta, sai manyan kwamfutocin kamfanin su ɗauko shi su matse shi su aiko da ɗan abin da ya rage, ta haka kati kaɗan ya yi tafiya mai nisa, kuma ta wannan ƙofa ce jama'a da yawa suka fara karanta shafin BBC Hausa da shiga Facebook. An kuma sami waɗanda suka riƙa farke fayil ɗin suna sauya masa hanya domin su sha intanet ba biya, abin da ba na yabawa, ko da yake ya nuna zurfin da yaran suka kai a fahimtar cikin kayan. Na biyu 2go, manhajar hira da wasu ɗalibai biyu na Afirka ta Kudu, Alan Wolff da Ashley Peter, suka ƙaga, wadda ta sami kasuwarta mafi girma a Nijeriya, da ɗakunan hirarta da taurarinta na daraja waɗanda samari kan raba dare domin su ɗaga su. Sirrin cin nasarar waɗannan biyu ɗaya ne: sun nemi abu kaɗan daga waya, sun tsaya a kan wajiban da kowane tafinta ya sani, sun mayar da aiki mai nauyi can nesa inda suke da iko a kansa.

Ana cikin haka wayoyin China masu ƙwaƙwalwar MediaTek suka cika kasuwa, masu araha, masu layi biyu, wasu har da eriyar talabijin, kuma da yawansu ba su da Java sam, domin lasisi kuɗi ne. Maimakonta suna da nasu tsarin mai cin fayilolin .mrp ko .vxp, wasu kuma suna da wata Java raunanniya wadda ke buɗe wannan ta ƙi wancan ba bisa wata ƙa'ida da mutum zai iya koya ba. Ko sunan Nokia, wanda a dā shi kaɗai ya isa shaida, ya daina zama hujja a 2014, shekarar da Microsoft ta sayi sashen wayoyinta, domin irin su Nokia 220 da 225 sun zo da tsarin Series 30+ wanda ba ya buɗe fayilolin Java.

Akwai kuma wata fuska ta mas'alar wadda ta fi shafar mutanen Barno fiye da wasanni, ita ce ta haruffa. Harshen Java a cikinsa ya san haruffan duniya ta hanyar tsarin Unicode, amma zana harafi a fuskar waya aikin wayar ne, kuma wayar da aka ƙera domin kasuwar Turai ba a zuba mata Larabci ba. Sai ya kasance manhajar Alƙur'ani ko ta azkar da ta fito tsaf a wayar da ta biyo ta Dubai, in an tura ta a wata, sai ayoyi su zama jerin akwatuna, ko kuwa haruffa su fito a warwatse, ba a sadar da su ba, suna tafiya daga hagu zuwa dama, abin da ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga wanda ya san hurumin abin da ke rubuce. Masu tsara irin waɗannan manhajoji da yawa suka gudu daga matsalar ta hanyar mayar da rubutun hotuna, hotuna kuwa suna da nauyi, sai dole a raba Littafin kashi-kashi. Opera Mini ma tana da wani ɓoyayyen saiti da ke sa kwamfutocin kamfanin su zana rubutu mai wuya su aiko shi a matsayin hoto, kuma sanin wannan saiti yana cikin abin da ake zuwa nema wurin masu turi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma sau da yawa akwatuna suke zama, kuma ina kyautata zaton wannan yana cikin sababban da suka sa tsara guda ta saba rubuta Hausa ba lanƙwasa. Bayan wannan duka, galibin abin da ake samu a riwayar Hafsu yake da rubutun gabas, alhali ƙasar Barno, wadda tsangayunta suka shahara da hadda da rubuta Alƙur'ani da ka tun ƙarnuka, da riwayar Warshu ta tashi da hannunta na Barnawi. Siffofin fa da ƙaf da nun irin na Afirka ta Yamma, waɗanda ɗigonsu ke faɗuwa a ƙarshen kalma, sai a 2016 Unicode ta ba su lambobinsu, lokacin da zamanin wayoyin Java ya riga ya karkata.

A ranar 14 ga watan Mayu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, ba da jimawa ba kuma aka rufe layukan waya, mutanen Maiduguri suka yi watanni wanda ke son kira sai ya yi tafiya zuwa wata jiha. Opera Mini da 2go, waɗanda ƙarfinsu duka a can nesa yake, suka mutu murus a cikin wayoyi, abin da ya rage yana yawo sai wanda memori da Bluetooth za su iya ɗauka daga hannu zuwa hannu. A nan wani abu ya fito fili wanda masu turi sun daɗe da saninsa: karatun Alƙur'ani da wa'azi a fayil na MP3, ko fim a 3GP, suna buɗewa a Nokia da 'yar China da Samsung ba gardama, domin su bayanai ne kurum da ake karantawa, manhaja kuwa umarni ce da ke neman wayar ta yi mata abubuwa iri-iri, kuma kowace bukata da ta nema wata ƙofa ce ta saɓani.

Kafin wannan lokaci, can a Amurka, an riga an haƙa ramin da J2ME za ta faɗa. Apple ta fito da iPhone a 2007 ba Java a cikinta. Google, wadda ta sayi kamfanin Android a 2005, ta ɗauki harshen Java domin masu tsara manhaja sun riga sun iya shi, amma ba ta nemi ijazar Sun ba. Ta gina tata na'urar kwaikwayon mai suna Dalvik, wadda Dan Bornstein ya raɗa mata sunan wani ƙauyen masunta na ƙasar Aisilan, mai cin wani rubutun tsakani dabam, shi ya sa fayil ɗin da ya yi shekaru yana aiki a Nokia ba ya buɗewa a Tecno mai Android, ko da yake da harshe ɗaya aka rubuta su. Kamfanin Oracle ya sayi Sun a farkon 2010 a kan dala biliyan 7.4, a watan Agusta na shekarar ya maka Google a kotu, shari'a ta yi ta hawa da sauka fiye da shekara goma, har ranar 5 ga Afrilu 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, da rinjayen alƙalai shida a kan biyu, cewa layuka wajen 11,500 da Google ta kwafa amfani ne da shari'a ta halatta. Amma Android ma ba ta kuɓuta daga ciwon ba, sai dai ya sauya kama, daga saɓanin maƙera zuwa saɓanin zamani: WhatsApp ta daina aiki a kan Nokia masu Series 40 a ƙarshen 2018, a 2023 kuma ta ajiye duk wayar da Android ɗinta bai kai na 5 ba, wayoyin da ba abin da ya same su, kuma masu riƙe da irinsu a unguwa kamar Moduganari su ne mafi ƙarancin ikon sayen wata.

Wani reshe na wannan tarihi ya dawo Maiduguri ta hanyar da ba wanda ya zata. A ƙarshen shekarun 2000 wasu masu aikin lafiya da masana kwamfuta sun haɗu sun rubuta wata manhaja mai suna JavaRosa domin cike takardun tambayoyi a kan wayoyin Nokia masu J2ME a ƙauyukan Afirka. Da Gaetano Borriello da almajiransa na jami'ar Washinton suka fara Open Data Kit a 2008, sai suka ɗauko cikin JavaRosa suka dasa a manhajarsu ta Android, daga ita kuma aka samo KoboCollect, wadda ƙungiyoyin agaji suka dogara da ita bayan rikici ya tara dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira a birnin. Samari da 'yan matan da aka riƙa ɗauka aikin ƙidaya, suna shiga sansanonin Bakasi da Dalori da Teachers' Village suna tambayar magidanta yawan iyalinsu da garin da suka baro da abin da suka ci jiya, da wannan manhaja suka yi aikin, kuma sashen da ke karanta tambayoyin a cikin wayoyinsu, yana tsallake wadda ba ta shafi mai amsa ba yana ƙin lambar da ta saɓa hankali, zuriyar wancan rubutu ne da aka fara tsarawa domin ƙananan Nokia masu maɓalli.